Haɗa melatonin da maganin hawan jini

Melatonin sinadari ne da wata ƙaramar kaɓa a cikin ƙwaƙwalwa take fitarwa idan dare ya yi, domin jiki ya shirya barci. Likitan fata Aaron Lerner da abokan aikinsa ne suka gano shi a Jami'ar Yale a shekarar 1958. A Amurka ana sayar da ƙwayoyinsa a kanti ba tare da takardar likita ba, amma a Birtaniya sai likita ya rubuta. Masu hawan jini da yawa suna fama da rashin barci, shi ya sa ake yawan haɗa shi da magungunansu. Sakamakon haɗin kuwa ya dogara ne da irin maganin da mutum yake sha.

Nifedipine

A nan ne aka fi samun damuwa. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka wallafa a shekarar 2000, ya gwada miligiram 5 na melatonin a kan marasa lafiyar da nifedipine ya riga ya daidaita musu jini. Maimakon jinin ya ƙara sauka, sai ya hau, bugun zuciya ma ya ƙaru. Tunda hawan jini ba ya cika nuna alama, mutum zai iya yin makonni bai san maganinsa ya rage aiki ba, sai dai in yana awo.

Atenolol da danginsa

Magunguna irin su atenolol, metoprolol da propranolol suna rage melatonin ɗin da jiki yake samarwa, kuma hakan na daga cikin dalilan da masu shan su suke kukan rashin barci. Wani ƙaramin bincike na 2012 ya nuna miligiram 2.5 da dare ya inganta barcinsu.

Sauran hatsarori

Melatonin mai narkewa a hankali yana ɗan sauke jini da dare. Idan ya haɗu da maganin hawan jini, ana iya jin jiri lokacin miƙewa tsaye, abin da kan kayar da tsofaffi idan sun tashi fitsari cikin duhu. Haka kuma wani bincike a Kanada a 2017 ya gano cewa adadin da ke cikin ƙwayoyin kanti yakan saɓa wa abin da aka rubuta a kwalba, wani ma ya ninka fiye da sau huɗu.

Likitoci kan shawarci mai hawan jini ya sanar da su kafin ya fara shan melatonin, ya riƙa auna jininsa, kuma kada ya daina maganinsa da kansa.