Maganin Kansa Na Garkuwar Jiki: Daga Ina Ya Faro?

Jama'a, tun da aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, nake jin mutanenmu na Dutsin-Ma da Kurfi suna tambayar "allurar nan da ta warkar da Carter". To bari in faɗi abin da na karanta a kanta.

Abin ya daɗe. A 1891 wani likitan tiyata a New York, William Coley, ya lura cewa wasu masu kansa sukan samu sauƙi bayan zazzaɓi mai zafi ya kama su. Sai ya shiga yi wa majinyata allurar ƙwayoyin cuta da gangan, don ya tada garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin. Wasu sun warke, wasu allurar ce ta kashe su. Da gashi da kemo suka zo, aka yi watsi da shi.

Sai bayan shekara ɗari aka gano sirrin. Sojojin jikinmu suna da birki da ke hana su afka wa naman jikinsu, kansa kuwa wayo take yi ta danne birkin nan. Tasuku Honjo na Japan ya gano ɗaya a 1992, James Allison na Amurka ya nuna yadda ake sakin wani. Tare suka karɓi kyautar Nobel a 2018.

Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta taimaka aka kawar da kurkunu a Najeriya (dattawanmu sun san azabarsa), ya sanar a 2015 cewa kansar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. An yi masa tiyata da gashi, aka haɗa da Keytruda. Ya rayu har Disambar 2024, yana da shekara 100.

Irin wannan kansar tana cikin masu saurin kaiwa zuciya. Nan ne likitoci ke taka-tsantsan, domin idan aka saki birkin, wani lokaci garkuwar kan juyo ta kumbura naman zuciyar kanta. Ba kasafai ba ne, amma yana kisa. Shi ya sa ake buƙatar likitan zuciya a kusa. A wajenmu baƙar fata, cutar ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, kamar yadda ta yi wa Bob Marley, sai manomi ya ɗauka ƙaya ce ta soke shi.

Kuɗin fa? A Amurka allura ɗaya ta haura dala 10,000, kuma duk sati uku ake yi. Mafi ƙarancin albashinmu naira 70,000 ne. Ni ma'aikaci ne, na yi lissafin: albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci bai kai kashi goma cikin ɗari na allura ɗaya ba.