Daga 'Yar Gusau Zuwa Gwangwanin Kolajin

Kwanakin baya wata ƙanwata ta zo mini da gwangwanin garin kolajin, wai shi ke sa fata ta yi sumul kamar ta taurarin littattafanmu. Kuɗin da ta zuba ya isa cefanen wata guda. Na ji kunya, domin mu marubuta ne muka cika littafi da fata mai sulɓi ba mu taɓa faɗin inda take fitowa ba.

Sai na tuna kakata, mutuniyar wani ƙauye kusa da Bungudu. Ta ga yunwar farkon shekarun 1940, wadda ake kira 'Yar Gusau. Takan ce mutane sun yi ta tururuwa zuwa Gusau neman hatsi. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wasu da suka samu tsabar ma, dasashinsu na jini, tsohon miki ya ƙi warkewa. Su kuwa a gidansu ana jiƙa garin 'ya'yan kuka, yara na tsintar magarya, ba su ga wannan ba.

Ashe Turawa sun sha irin wannan azabar a teku. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya ware matuƙa 12 masu wannan ciwo a jirgin Salisbury, ya raba su biyu-biyu, kowane rukuni da maganinsa. Biyun da aka ba lemo su ne suka farfaɗo cikin kwanaki. Duk da haka sai a 1795 aka fara ba sojojin ruwan lemon tsami a kai a kai. Sinadarin da ke ciki, bitamin C, sai a 1932 aka tantance shi.

Kolajin shi ne zaren da ya ɗinke fata, jijiya, ƙashi da dasashi. Jiki ne ke saƙa abinsa daga furotin, irin na wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da nono. Amma in babu bitamin C saƙar ba ta ƙarko, kamar ginin da ba a sa wa ramno ba. Ko ganda ka ci, ko garin gwangwanin, sai ciki ya narkar da shi tukuna, sannan jiki ya sake gini.

Na ce wa ƙanwata ta leƙa kasuwar Tsafe: ga kuka, ga gwaiba, ga lemo, ga ɗanyen tumatir na kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ta dai kula, dogon dahuwa da yawan kanwa suna kashe bitamin ɗin.

Damuwata ɗaya ce. Rashin tsaro ya raba mutanen ƙauyukanmu da yawa da dajin da ya ceci kakanninmu. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.