Asalin Gabas

A Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta birnin Accra, idan azahar ta riski baƙo ba ya cewa ina alƙibla. "Malam, ina gabas?" shi ne abin da zai ce. A nuna masa da hannu, ya shimfiɗa kwali tsakanin tsofaffin injuna da tayoyi, ya kabbarta.

To, daga ina kalmar ta fito? Masana harshe suna danganta ta da gaba, wato inda fuska ta dosa. Mutumin dā rana ce agogonsa, ita ce jagorarsa, inda ta ɓullo kuwa nan ne gabansa. Inda take faɗuwa aka kira yamma, sunan wuri da na lokaci suka zama ɗaya. Ba Bahaushe kaɗai ya bi rana ba. Turawan Ingila sun samo tasu kalmar, east, wadda ke cikin sunan unguwar East Legon, daga wata tsohuwar saiwa mai nufin ketowar alfijir. Larabawa kuma suka ce mashriƙ, mafitar rana.

Da Musulunci ya shigo ƙasar Hausa sai aka tarar Makka ma can wajen take, nan gabas ta ƙara daraja. Mahauci sai ya juya rago gabas kafin ya sa wuƙa. Mamaci a kwantar da shi kan hannun dama, fuska gabas. Yaro ya tsuguna fitsari yana kallon can, a daka masa tsawa. Alhazan dā ma da ƙafa suka yi gabas, ta Borno da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya.

Fataken goro suka ɗauko kalmar daga Kano da Katsina zuwa Salaga. Yaƙin da ya ɓarke a can a 1892 ya watsa kasuwar Salaga, da yawansu suka gangara kudu, wasu har bakin teku. Da wannan kalma aka kafa masallatan Sabon Zongo na Malam Baƙo a Accra, daga baya na Nima da Maamobi.

Amma a lura, gabas ɗin salla daban take da mafitar rana tsantsa. Daga Accra, Ka'aba tana wajen digiri 64 daga arewa, wato gabas maso arewa. A ganina wannan ya kamata a koya wa kowane yaro a makaranta tun yana koyon alwala, domin wanda ya bi rana kawai a watan Disamba, sa'ad da take fitowa ta gefen kudu, zai karkace ƙwarai.