Sausayar Tumaki a Ƙasar Daura: Tarihin Sana'ar da Ba Ta Zauna Ba

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ana gab da Babbar Salla zai ga tumaki iri uku: 'yanƙasa, da uda mai launi biyu, da balami fari ƙato. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ake sausaya don samun ulu. Wannan maƙala za ta duba dalilin haka, ta kuma nuna cewa rashin wannan sana'a a ƙasar Daura ya samo asali ne daga halittar tunkiyar da yanayin ƙasar, ba daga ƙarancin dabarar makiyaya ba.

2.0 Shaidar Harshe da Fatauci

Kalmar ulu aro ce daga Ingilishi. Kafin zuwanta, Bahaushe ya san kayan gashin tumaki ne a matsayin hajar fatake, irin su alkyabba da mulufi da jar dara, waɗanda ayari ke kawowa daga Arewacin Afirka. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa alkyabbu da jajayen huluna cikin kayan da ake shigowa da su. Masaƙan ƙasar Hausa kuwa auduga ce madogararsu. Amfanin tunkiya a Daura shi ne layya da yankan suna da taki da ƙirgi, sai kuma buzu, wanda malamai ke zama a kai da gashinsa yadda yake.

Ba wai Afirka ta Yamma ba ta da tumakin ulu ba ne. Fulanin Masina a ƙasar Mali suna da su, suna sausaya, ana saƙa barguna da gashinsu. Sai dai irin wannan tunkiya ta tsaya ne a fadamun Kogin Kwara, ba ta zama dabbar garke a ƙasar Hausa ba.

3.0 Sausaya da Lafiyar Tunkiya

Tunkiyar gida tana da gashi gajere mai kaushi, wanda ke zuba da kansa. Ta ulu kuwa, kamar Merino, gashinta ba ya zuba, sai an sausaye shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan aka bar shi, da bazara zafi ya galabaitar da ita. Da damina ya riƙe lema har fata ta ruɓe, kirci ya samu ƙofa, ƙudaje su yi ƙwai, tsutsa ta ci naman dabbar tana raye. Har wa yau kaska da ƙwarƙwata suna ɓuya a ciki, ƙarangiya kuma ta cukuikuye shi ta ɓata darajarsa.

Ita ma sausayar tana da nata haɗari. Almakashi kan yanki fata, miki ya buɗe. Tunkiyar da aka sausaye da hunturu sanyin dare kan kama ta, wadda aka yi wa da tsakar bazara kuma rana kan ƙone ta. Watau mai tumakin ulu a wannan yanki yana tsakanin wuta biyu.

4.0 Gwajin Katsina

A 1934 aka haɗa masarautun Katsina da Daura cikin lardi guda. A wannan lardi ne aka yi gwajin samar da tumakin ulu, inda aka haɗa tumakin gida da ragunan Merino da na Wensleydale na Ingila. Wata masaniyar gashin tumaki, Marca Burns, ta nazarci fata da gashin 'ya'yan da aka samu, ta buga sakamakon a 1967. Amma irin bai bazu a hannun makiyaya ba, kasuwar ulu kuma ba ta kafu ba. Makiyayi na auna tunkiya ne da ƙiba da haihuwa da jure rani, domin su ne ke kawo kuɗi ranar kasuwa.

5.0 Kammalawa

Abin lura shi ne, wasu ƙasashen ulu sun juyo ga tafarkin da Daura take kai. A 1957 wani manomi a Amurka, Michael Piel, ya shigo da tumaki marasa ulu daga tsibirin St. Croix, waɗanda asalinsu na Afirka ta Yamma ne, daga su aka samu irin Katahdin. Da farashin ulu ya faɗi har ladan sausaya ya fi kuɗin gashin a wurare da dama, sai manoma suka rungumi wannan iri. Saboda haka ya kamata masu shirin inganta kiwo su yi hattara da gauraye 'yanƙasa da uda da balami da baƙin iri ba tare da nazari ba. Idan jinin da ya daɗe yana jure zafi da cutar ƙasar ya salwanta, da wuya a maido shi.