Tata da Amarya: matan da salsalar gidan Ɗantata ta tsallake

Tun ranar 28 ga Yuni, 2025, da Allah ya yi wa Alhaji Aminu Ɗantata rasuwa, aka kai shi Madina aka yi masa sutura, salsalar gidansu take ta zagaye a Facebook da WhatsApp. A watan Agustan da ya biyo baya kuma mahaifinsa, Alhassan, ya cika shekara 70 da barin duniya. Cikin wannan yanayi ne wani mai karatu ya aiko da tambaya: wannan jerin sunaye da ake ta turawa, daga wace takarda aka kwafo shi?

Daga Alhassan zuwa ƙasa, takardu sun wadata. Daga shi zuwa sama kuwa, kusan komai a bakin tsofaffi aka same shi. Wannan ba aibi ba ne, haka tarihin yawancin gidajen ƙasar Hausa yake. Abin da ya kamata shi ne a san inda takarda ta tsaya da inda baka ta karɓa.

Jerin da aka fi sani shi ne Alhassan ɗan Abdullahi ɗan Baba Talatin. An ce Baba Talatin ne ya taso da iyalin daga ƙasar Katsina ya sauka a Madobi, ɗansa Abdullahi ya gaje shi a fataucin goro har ya zama madugu. Shekarar haihuwar Alhassan da kowa ke rubutawa ita ce 1877. To amma a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi babu ofishin da ake rajistar haihuwa. Littafin Tarihin Kano ma sarakuna yake ƙirgawa, da yaƙe-yaƙensu da tsawon mulkinsu, bai damu da ɗan fatake ba. Saboda haka 1877 ƙiyasi ne, irin wanda ake yi ta hanyar auna shekarun mutum da wani babban abu da ya faru a idonsa. Ƙiyasi ne mai kyau, kamar yadda za mu gani, amma wanda ya rubuta "wajen 1877" ya fi kusa da gaskiya.

Batun wurin haihuwa ma akwai hanya biyu ta faɗarsa. Gajeriyar ita ce haifaffen Bebeji ne, shi ke nan, mai sauraro ya ɗauka can ne tushen gidan. Doguwar kuwa cewa take yi ayarin Abdullahi ya taso daga Madobi za shi Gwanja, aka yada zango a Bebeji, naƙuda ta kama matarsa Amarya ta haihu a nan, sai da ya dawo daga tafiyar sannan ya mayar da zamansa Bebeji. Na fi gamsuwa da ta biyun, domin ta yi daidai da yadda ayarin goro yake. Tafiya ce ta watanni, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a dangana da kasuwar Salaga, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, a juyo da goro. Mata suna cikin irin wannan ayari, suna dafa abinci, wasu kuma da nasu kayan sayarwa. Mai ƙirƙirar labari don ɗaukaka gida da wuya ya zaɓi haihuwa a zango.

Gidan Agalawa ne, kuma nan ake samun saɓani na gaske. Tambayi dattijon Ba'agale asalinsu, Katsina zai ce maka. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya zauna da tsofaffin fataken goro a Kano a 1969 da 1970, ya kuma fitar da littafinsa kan ayarin goro a Zariya a 1980, ya ƙara matsawa baya. A bincikensa, Agalawa da Tokarawa mutane ne da suka gangaro daga bakin Sahara, daga cikin al'ummomin da ke ƙarƙashin Abzinawa, suka bazu a ƙauyukan Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka kama fatauci. Wasu ba sa son jin wannan, domin yana taɓa maganar bauta. Ni dai ban ga karo tsakanin maganganun biyu ba. Dattijon yana faɗar zangon ƙarshe da kakansa ya tuna, Lovejoy kuma ya haɗa ruwayoyin gidaje da dama ya hango zangon da ke gabaninsa. Bayaninsa ne ma ya fi warware dalilin da ya sa waɗannan mutane suke aure a junansu, suke ba juna bashi da masauki daga Katsina har Gwanja.

Sunan gidan kansa ba daga jerin mazan ya fito ba. Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan yana yaro. Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ruwayoyi suka ce baiwar gidan ce. Yaron da take reno aka riƙa kiransa ɗan Tata. Yau sunanta ne a kan allunan kamfanoni da tituna da makarantu, amma salsalar da ake turawa ba ta da gurbin da za a sa ta: babu sunan ubanta, babu garinsu. Dalili a fili yake. Salsala don gado da sarauta da neman aure ake haddace ta, don haka maza take bi, uba zuwa uba. Ga shi kuma bayan dokar Gwamna Lugga ta 1901, wadda ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, mutane sun koyi rufe bakinsu a kan wane ne bawa, wane ne ɗa, har jikoki suka tashi ba su sani ba.

Tafiyar Amarya kuwa ana yawan ba da ita a matsayin labarin tausayi, uwa ta tafi ta bar marayu. Ina ganin an rage mata daraja. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ƙarfin Asante a kan hanyar arewa ya karye, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, har yaƙin cikin gida na 1892 ya watse ta. Goro ya soma gangarawa bakin teku. A 1877 aka mayar da hedikwatar mulkin Turawa ta Gwalkwas zuwa Ankara, zangon Hausawa na can yana ta cika. Macen da ta san harkar goro, ta zaɓi Ankara a wannan lokaci, ta karanta inda kasuwa ta dosa. An ce Alhassan ya bi ta can yana saurayi, ya yi karatun allo, ya ga gari, ya dawo. Shekaru bayan haka yana cikin fataken Kano na farko da suka riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko maimakon a bi da shi ta daji a kan jakuna. Wanda duk ya tsallake mahaifiyar ba zai gane inda ɗan ya samo wannan hanya ba.

Abin da salsalar ta'aziyya ta fi yin shiru a kansa shi ne Basasa. Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Maje Karofi suka ƙi, suka fice daga birni bayan Yusufu, suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Wutar ba ta tsaya a kan 'ya'yan sarauta ba. An ƙone garuruwa, an ƙwace dukiya, an kama 'ya'yan Musulmi an sayar. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce an lissafa Agalawan Bebeji cikin Tukurawa, aka wawashe kayansu, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da fansa suka kuɓuta.

Shin Agalawa sun ɗauki ɓangare da gaske? A ganina ɗan kasuwar da jarinsa ke kan hanya yana bin wanda ke kan gado ne, musamman wanda Sakkwato ta naɗa, domin shi ke da ikon tsare hanya. Ranar da gadon ya juya sai zamansa lafiya ya zama laifi, dukiyarsa kuma ta zama ganima. Ko ma dai yaya ne, wannan labari ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ga mai bin salsala ya fi duk wani yabo amfani. Basasa tana da shekarun da aka tabbatar a wasiƙun Sakkwato da Kano, Adamu Fika kuma ya yi littafi a kanta a 1978. Idan Alhassan saurayi ne da ya isa a kama shi a nemi kuɗin fansarsa a 1894, to haihuwarsa a wajen 1877 ta zauna. Da irin wannan turke ake ɗaure shekarun mutanen da ba a rubuta haihuwarsu ba.

A farkon 1903 sojojin Turawa suka fasa ƙofar Bebeji da igwa a hanyarsu ta zuwa Kano. Daga nan takarda ta yawaita, sai dai takarda ce mai idon haraji. Rahotannin Razdan da na Di'o da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna suna ƙirga magidanta da gonaki da shanu, suna jera salsalar hakimai domin a san wanda za a naɗa. Falke ba ya shiga sai ya zama abin lura. Alhassan ya zama hakan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe a kakar 1912. Mai bincike Jan Hogendorn ya nuna cewa tsofaffin fataken goro ne, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da shi Alhassan, suka juya yaransu da amanarsu ta ƙauye zuwa sayen gyaɗa. Bature ya rubuta tan nawa mutum ya kawo, bai tambayi sunan kakarsa ba.

Inda mai bincike zai fi samun abin kamawa shi ne rajistar shari'a. Masanin tarihi Allan Christelow ya buga zaɓaɓɓun hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, kuma duk wanda ya duba su zai ga yadda rigimar gona ko gida ko fansar bawa take tilasta wa marubucin kotu ya rubuta wane ɗan wane, wance matar wane. Rabon gado ya fi kowanne, domin alƙali ba ya raba dukiya sai ya lissafa mata da 'ya'ya mata da sunayensu. Bayan wannan sai gefen littattafan malamai, inda wasu kan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa da shekarar Hijira, sai tsagen fuska a tsofaffin hotuna, sai kirarin gida a bakin maroƙa.

Sauran labarin kowa ya san shi. Kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, ana kuma ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Mahmudu da Aminu suka ci gaba, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Reshen da ya fi buƙatar mai haƙuri shi ne na Ankara. Gidan adana takardun tarihi na Gana yana da fayilolin zangon Hausawa, yawancinsu a kan rigimar shugabanci da filaye, inda sunayen maza irin su Malam Baƙo, wanda ya kafa Sabon Zango, suka cika shafi. Mace 'yar kasuwa ba ta shiga irin wannan fayil. Inda takan bayyana shi ne littafin kotu, ranar da ta kai ƙarar wanda ya ci mata bashi ko aka zo rabon abin da ta bari. Duk ɗalibin jami'ar Bayero ko ta Legon da ke son ya ƙara wa salsalar Ɗantata wani abu da ba kwafe ba, daga waɗannan littattafai da tsofaffin gidajen zango zai fara neman Amarya.