Kayan tashe

Kayan tashe su ne tufafi, fuskoki da kwalliyar da yara ke haɗawa da hannunsu domin wasan tashe, wanda ake yi a ƙasar Hausa cikin watan azumi. Akan fara tashe idan wata ya kwana goma, a ci gaba har wajen ashirin ga wata. Bayan an sha ruwa yara sukan fita ƙungiya-ƙungiya, suna bin gidaje da rumfunan kasuwa suna wasa, ana ba su hatsi ko kuɗi. Kusan babu wani abu cikin kayan da ake saye. Daga tsumma, kara, auduga, gawayi da fasasshiyar ƙwarya ake fitar da tsoho, doki ko dodo, kuma haɗa su wani ɓangare ne na wasan kansa.

Asalin kalma

Kalmar tashe ta fito ne daga tashi. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, al'adar ta faro daga masu zagaya gari da dare suna tayar da mutane domin sahur, musamman gwagware, waɗanda ba su da matar da za ta tashe su. Har yanzu tashen gwauro na cikin sanannun wasannin, kuma a Kano akwai sarautar Nalako, sarkin gwagware. Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikin wasannin a littafinsa mai suna Wasannin Tashe.

Danƙo da yauƙi

Abu mafi wuya a haɗa kayan tashe shi ne samun abin da zai manne a fata ba tare da ya cutar ba. A wasan Tsoho da Gemu, yaro yakan sa tsohuwar riga, ya cusa tsumma a baya ya zama doro, ya riƙe sanda, sannan a lika masa auduga a haɓa da gira. Idan gemun ya faɗi tun a gida na biyu, wasan ya lalace, domin dariyar masu kallo takan koma kan yaron maimakon tsohon.

Abin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne ƙaro, wato danƙon da ke fitowa daga jikin itatuwa irin su dakwara. Ana jiƙa shi a ɗan ruwa har ya narke, a shafa, a ɗora auduga, a jira ya sha iska. Shi ne dai ƙaron da almajirai ke sawa a tawada. Inda babu ƙaro, akan dama sitacin rogo da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, a bar shi ya huce. Wasu yaran ma ragowar kunu ko kokon buɗa-baki suke shafawa, kodayake wannan ba ya jure gumi. Duka ukun suna fita da ruwa kawai.

A nan Hausa ta bambanta abubuwa biyu da mai koyon harshen kan rikita. Danƙo shi ne abin da ke kamawa ya riƙe, kamar ƙaro. Yauƙi kuwa shi ne abin da ke jawuwa ya yi zare yana santsi, kamar miyar kuɓewa, lalo ko karkashi, wadda mata ke ƙara wa kanwa don yauƙin ya ƙaru. Yauƙi ba ya riƙe gemu. Amma shi ne ke sa mutum ya ja hannunsa da sauri idan ya taɓa shi cikin duhu.

Launi, fuska da sauran kaya

Baƙin launi daga gawayi ko baƙin tukunya yake fitowa, fari daga toka, alli ko farar ƙasa, ja daga jan ƙasa, shuɗi kuma daga bular wanki. Ana kwaɓa su da ruwa a zana fuska da ƙirji. Kara shi ne ƙashin kusan kowane gini: da shi ake ɗaure dokin da yaro ke shiga ciki a wasan Ɗanda Dokin Kara, da shi ake yin bindiga da tabarau. Mai wasan Jatau Mai Magani yakan tara saiwoyi, ɓawon itace da ƙulle-ƙulle kamar na mai tallar magani. Samari kan ɗaure bakin gwangwani su yi ganga, 'yan mata kuma su kifa ƙwarya a kan ruwa su kaɗa.

Kayan sukan bi abin da gari yake da shi. A garuruwan kwarin Rima na Jihar Kebbi, irin su Birnin Kebbi, Argungu da Gulma, laka ta fadama, bambaron shinkafa da gora ba su da wuyar samu, domin noman shinkafa da su ne sana'ar yankin. Gorar da masunta ke hawa a ruwa, wadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934, girmanta ya fi kan mutum nesa ba kusa ba. A cikin birane kuwa kwali, buhu da leda sun maye gurbin da yawa daga cikin waɗannan.

Dodo

Shigar da ta fi ban tsoro ita ce ta dodo. A tatsuniyoyin Hausa dodo halitta ce marar tsayayyar siffa, mai haɗiye mutane, kuma da sunansa iyaye ke tsorata yaro mai kuka. Wannan rashin siffar ya ba yara 'yanci: kowa ya ƙera nasa yadda ya ga dama. Akan huda ido biyu a ƙwarya ko kwali, a zana haƙora, a rufe jiki da buhu ko ciyawa, wani lokaci a ɗaura igiya a ƙugu wani ya riƙe, kamar an kamo shi daga daji. Ƙananan yara sukan ruga bayan uwayensu, alhali sun san wansu ne a ciki.

Wasan ya yi tafiya mai nisa. A Burkina Faso, musamman Wagadugu da Bobo-Julaso, yara suna yin wasan da har yau ake kira Dodo a watan azumi, kuma an san fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. Suna yin fuskokin dabbobi da ƙwarya, suna rawa gida-gida. Labarin da ake bayarwa a can shi ne na wani maharbi da ya ƙi jin gargaɗi ya fita farauta ranar Juma'a, sai ya rikiɗe ya zama dabba.

Kwatanci da Halowin

Masu nazari sukan kwatanta tashe da bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba, wanda ya fi ƙarfi a Amurka, inda yara ke shigar ban tsoro suna bin gidaje ana ba su alewa. Asalinsu ba ɗaya ba ne, kamar dai ta tsaya ga shiga da zagaya gidaje. Ɗaya daga cikin abubuwan da iyaye ke haɗawa da yara a lokacin shi ne slime, wani kwaɓi mai yauƙi da danƙo a lokaci guda. Kamfanin Mattel ne ya fara sayar da shi a 1976, kore shar, cikin ɗan kwandon shara na roba. Na gida kuwa da farin gam ake yin sa, a ɗiga masa ruwan sinadarin boraks, wanda ke ɗaure dogayen ƙwayoyin gam ɗin da juna har ya daina zuba ya koma jawuwa. Ya yaɗu ƙwarai a 2016 da 2017 ta hanyar YouTube da Instagram.

Boraks yana iya ƙona fata idan ya yi yawa, kuma bai kamata ya shiga baki ba. Tarayyar Turai ta kayyade sinadarin boron da zai iya fita daga irin waɗannan kayan wasa a miligiram 300 cikin kowane kilo. A 2018 ƙungiyar kare masu saye ta Which? da ke Birtaniya ta gwada iri 11, ta samu 8 sun wuce ƙa'idar. Akwai haɗin da ba ya buƙatar boraks: sitacin masara kashi biyu, ruwa kashi ɗaya. Idan aka buge shi yakan yi tauri, idan aka sake shi ya malale.

Haɗura da halin da ake ciki

Kayan tashe ma suna da nasu haɗarin, mafi yawa daga sababbin abubuwan da suka shigo. Baƙin garin cikin tsohon batir, da wasu yara ke shafawa maimakon gawayi, yana ɗauke da sinadarai masu cutar da ido da fata. Gam mai saurin kamawa yana tafiya da fata idan aka zo cire gemu. Auduga da buhu kuma suna kama wuta nan take kusa da aci-balbal ko murhun mai ƙosai, ga shi fuska mai ƙananan ramukan ido tana hana yaro ganin babur da dare.

A manyan birane tashe ya ja baya. Rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sha sanar da hana shi a shekarun baya-bayan nan, bisa dalilin cewa 'yan daba suna fakewa da shi suna ƙwacen waya. A ƙananan garuruwa da unguwannin da kowa ya san ɗan kowa, yara suna ci gaba da fita, kuma tun kafin goma ga wata suke fara tara kwali da roƙon auduga.