Baƙanta Adon Kurom na Mota

Baƙanta adon kurom aiki ne da ake yi wa mota domin sassanta masu ƙyalli su koma baƙaƙe, ta hanyar fenti, ko liƙa leda, ko sauya sassan ɗungurungum. Wuraren da aka fi taɓawa su ne siraran layukan da ke kewaye da gilasan ƙofa, da ragar gaban mota, da mariƙin ƙofa, da tambarin kamfani, da bakin salansa. Aikin kwalliya ne zalla, ba ya ƙara wa mota gudu ko ƙarko, kuma kyansa ko muninsa ya dogara ne kusan kacokan a kan yadda aka shirya fuskar kurom ɗin kafin a ɗora masa wani abu.

Masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis-Nicolas Vauquelin, shi ya gano kurom a 1797, amma sai a shekarun 1920 masana'antu suka iya lulluɓe wasu ƙarafa da shi ta hanyar lantarki, bayan aikin Colin Fink da Charles Eldridge a Jami'ar Columbia ta Amurka. Kafin nan nikel ake shafa wa bamba da fitilu, shi kuwa yakan dusashe in ba a yawan goge shi. Kurom ya kai ƙololuwa a motocin Amurka na shekarun 1950, zamanin da Harley Earl ke jagorantar sashen zane na General Motors, musamman a Buick da Oldsmobile na 1958. Daga shekarun 1970 sai yayi ya fara juyawa. Porsche ta fito da 911 mai baƙin gefen gilashi, BMW ta biyo baya da tsarin Shadowline a shekarun 1980, baƙi ya zama alamar motar gudu. A ƙarshen 2020 Tesla ta mayar da adon Model 3 baƙi tun daga masana'anta, bayan masu motar da dama sun riga sun saba biyan kuɗi a yi musu haka a waje.

Abu na farko da mai aikin ke bukata shi ne sanin abin da ke hannunsa, domin ba duk mai ƙyalli ne kurom ba. A tsofaffin motoci, bamba ƙarfe ne da aka shafa wa nikel, wani lokaci da tagulla a ƙarƙashinsa, sannan aka rufe da kurom wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A motocin yanzu, raga da tambari da mariƙin ƙofa yawanci roba ce nau'in ABS da aka lulluɓe da waɗannan ƙarafan. Layukan gefen gilashi kuwa sau da yawa alminiyam ne ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Sinadarin da ya dace da ɗaya yana iya lalata ɗaya: soda mai ƙarfi tana cin alminiyam, zafin da ƙarfe zai jure kuma yana narkar da roba.

Fenti shi ne hanyar da ta fi daɗewa idan an yi ta daidai, kuma ita ce aka fi ɓatawa. Kurom yana da tauri da santsi, fenti ba ya samun abin kamawa a jikinsa. Wanda ya fesa baƙi kai tsaye zai ga aiki ya yi kyau a ranar, bayan 'yan makonni kuma ya fara ɓarewa daga gefe, farce ma yana ɗaga shi. Masu fenti da suka san aikinsu sukan fara da ciro sashen daga jikin mota. Ana zura siririn abin ɓamɓara na roba a ƙarƙashin layin, a bi shi a hankali ana sakin maƙalan ɗaya bayan ɗaya, domin siririn alminiyam in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Tambarin da aka liƙa da gam ana ɗumama shi, a ratsa zare mai ƙarfi ta bayansa. Daga nan sai wanki da abin cire maiƙo, sai gurza da samfefa mai lamba 320 zuwa 400 har ƙyallin ya mutu ko'ina. Duk ɗigon da ya rage yana walƙiya, daga nan fentin zai fara tashi. Sai shimfiɗar farko mai kama ƙarfe, sai baƙin a fesa shi sirara-sirara sau biyu ko uku, sai ruwan kariya a sama. Idan kurom ɗin ya riga ya kumbura ko ya fara ɓarewa, fenti ba zai rufe aibin ba, sai an cire shi gaba ɗaya. Fentin gari da ake gasawa a tanda, a zafin da ya kai kusan digiri 200, na sassan ƙarfe ne kawai.

Liƙa leda ta fi sauƙi, kuma ga motar da mai ita ke tunanin sayarwa wata rana ita ce zaɓin hankali, tun da ana iya ɓare ta a tarar da kurom lafiya lau. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison ne ke yin ledar, mai sheƙi ko maras sheƙi. Ana shimfiɗa ta, a ɗumama ta da iska mai zafi ta bi lanƙwasar sashen, a tura bakinta ƙarƙashin robar gilashi, a sake ɗumamawa domin ta zauna. Rauninta yana gefuna da wurin da aka ja ta fiye da kima. Akwai kuma feshin roba irin Plasti Dip, wanda shi ma ake ɓarewa in an yi masa kauri, sai dai fetur da yawan gogayya suna saurin cinye shi, don haka bai dace da mariƙin ƙofa ba. A ƙasashe masu zafin rana kamar arewacin Najeriya da Nijar, leda da feshin roba ba sa kai shekarun da suke kaiwa a Turai, baƙi mai sheƙi kuma yana nuna kowane karce idan aka share ƙurar hunturu da busasshen tsumma.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne a wannan sana'a. Kurom da ke jikin mota ba shi da illa ga mai taɓa shi, amma sinadarin da ake shafa shi da shi a masana'anta, kurom mai daraja shida, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma cire kurom da lantarki yana sake haifar da shi a ruwan aikin. Wannan ba aikin da za a yi a gida ba ne, kuma ruwan ba na zubarwa a kwata ba ne. Ƙurar gurza tana ɗauke da nikel, ruwan kariya mai haɗi biyu kuma yana cutar da huhu, don haka tsumma a hanci bai isa ba, sai takunkumi mai tace sinadari. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da kurom mai daraja shida tun 2017, California ta amince a 2023 da janye shi a hankali, abin da ya ƙara tura masu ƙera motoci zuwa baƙin ado.

A sababbin motoci da yawa, ciki har da wasu na Toyota da Mercedes-Benz, na'urar rada mai auna tazarar motar da ke gaba tana ɓoye ne a bayan tambarin raga. An ƙera wannan tambari yadda siginar za ta ratsa shi, kuma fenti mai kauri ko mai ƙwayoyin ƙarfe yana iya rikita birkin gaggawa mai kamawa da kansa. Irin wannan tambari ana barinsa yadda yake, ko a sauya shi da baƙin da kamfanin ya ƙera domin wannan motar.